Haƙori na Shida

Kwarbai, Zariya
Laraba, 5 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Batulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Dogara da Suhail. Yaya damina, yaya aikin gona? An ce ruwa ya sauka sosai a wajenku. Mu nan lafiya lau. Baba yana gaishe ki, ƙafar tasa da sauƙi, har yana dogara sanda ya je masallaci.

Na gwada lambarki har na gaji, sai Muntasir direba ya ce mini har yanzu ba a gyara ƙarfen sabis na garinku ba. Shi ya sa na koma takarda. Ya yi alkawarin zai miƙa miki hannu da hannu ranar kasuwa.

Sakamakonmu ya fito, na gama karatun kula da lafiyar haƙori. Saura a tura mu aikin gwaji kafin a ba mu lasisi, kuma ba a ce ga rana ba. Don haka ina gida. Ba ni da kujerar aiki, ba ni da kayan aiki, sai ɗan madubin duba baki da tocila.

Yaya, na san ba kya son a yi miki maganar 'yar fari, na kuma san ko sunanta ba kya faɗa. Ki yi haƙuri, ni zan faɗa. Maganar Ihsan ce ta sa na rubuto.

Ranar Lahadi na je Ƙofar Jatau gaishe da kakarta, Hajiya Kande. Na tarar tana tuƙa gullisuwa a tsakar gida, yaran unguwa sun yi cirko-cirko a zaure suna jira. Ihsan ta yi tsawo, ta ɗauko goshin mahaifinta marigayi Yakubu sak. Tana famfara, haƙorinta ɗaya na gaba ya fita, in ta ga ƙadangare a bango sai ta rufe baki da hannu, wai kada ya ga giɓin sabon ya ƙi fitowa. Na yi dariya. Amma da aka ba ta abinci sai na lura gefe guda take tauna, da ta kurɓi ruwan randa kuma ta runtse ido ta dafe kunci. Na ja ta inda akwai haske na ce ta buɗe baki.

Bari in yi miki bayani yadda yake, don kada ki ɗauka tsoro ne kawai irin nawa. Haƙoran yarinta ashirin ne. In kika fara ƙirga daga tsakiyar baki zuwa baya, za ki samu biyar a kowane gefe, sama da ƙasa. Waɗannan su ne masu faɗuwa. Idan yaro ya kai kamar shekara shida, sai wani babban turmi ya fito a bayansu duka. Ba ya ture kowa, babu haƙorin da ke faɗuwa kafin ya fito, shi ya sa mutane ba sa lura da zuwansa, suna ɗauka cikin na yarinta yake. Alhali shi na dindindin ne. In ya tafi, babu wani a ƙarƙashinsa.

Na Ihsan na ƙasa ta hagu ya yi kogo, baƙi, mai zurfi. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Na shida ne.

Na gaya wa Hajiya cikin ladabi. Ta yi dariya har ta ajiye muciya, ta ce, "Likitar Kwarbai, yarinyar da ke famfara za a kwasa a kai asibiti? Bar shi ya ruɓe ya faɗi, wani ya fito. Duk 'ya'yan da na rena da haƙoransu suka yi aure." Sannan ta gutsiro gullisuwa mai ɗumi ta sa wa Ihsan a baki, ta ce, "Ungo ƙawata, kada Antinki ta hana mu jin daɗi." Ba mugunta ba ce, Yaya. Tsohuwar nan ba ta da abin so a duniya kamar yarinyar nan. Ihsan da kanta ta gaya mini da alawa a kunci take yin barci.

Na bi Baffa Hamisu shagon ɗinkinsa, tunda shi ne madadin uba. Ya saurare ni har ƙarshe, bai ɗaga kai daga hular da yake yi wa aiki ba. Ya ce, "Uwar da ta haife ta ta ce wani abu ne? In Batulu ta ce a kai ta, gobe zan ɗora ta a babur. Amma ba zan tsallake Hajiya don maganar ƙanwar uwa ba."

To kin ji inda maganar ta tsaya. A wurinki ta tsaya. A yadda na ga kogon, ina jin har yanzu za a iya wanke shi a cike shi. Ban ce tabbas ba, sai an ɗauki hoto. Abin da nake roƙo layi biyu ne zuwa ga Baffa Hamisu. Ba sai kin ambaci suna ba.

Ki gaishe da Malam, ki shafa mini kan Suhail.

Taki ƙanwa,
Tayyiba


Kwarbai, Zariya
Asabar, 29 ga Yuni

Yaya Batulu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ya gida, ya gajiyar noma. Baba yana nan lafiya, yana sa muku albarka.

Amsarki ta iso tare da ƙullin daddawa da kuka, na kai wa Hajiya kamar yadda kika ce. A ƙasan jakar na ga ɗan hijabi ruwan hoda wanda ba ki ce na wane ne ba. Na ba mai shi. Ya yi mata daidai kamar kin auna ta. Ta tambaye ni ko Umman ƙauye ce ta aiko, na ce ita ce. Ta ƙi cire shi har aka kira magariba.

Na karanta abin da kika rubuta ba sau ɗaya ba. Kin ce yarinyar tasu ce, tun da kika yaye ta kika miƙa ba ki taɓa sa baki ba, ba za ki fara don haƙori ba. Na fahimta. Hajiya ma da ta karɓi daddawar abin da ta ce ke nan, wai Batulu 'yar mutunci ce, mai kara, ba ta taɓa tambayar ko me yarinyar ta ci ba. Na san da wannan shaidar kike zaune lafiya da mutanen gidan nan. Amma ki bari in gaya miki abin da ya faru bayan wasiƙata.

Haƙorin ya tashi mata gadan-gadan. Ta daina zuwa makaranta, abinci sai kunu. An sa mata kanumfari, an sa gishiri, an dandaƙa ƙwayar ciwon kai an cusa a kogon har dasashin ya yi fari ya saɓule. Daga nan wata maƙwabciya ta kawo mai cire tsutsar haƙori. Ina wurin. Ya ɗora wasu 'ya'yan itace a kan ƙarfe mai zafi, ya kifa mazurari, ya sa ta buɗe baki hayaƙin yana shiga, ga kwanon ruwa a ƙasa. Can sai ga wasu farare sirara suna yawo a ruwan. Matan gida suka taru suna salati. Yaya, babu tsutsa a haƙori. Tsiron cikin 'ya'yan itacen ne zafi ke fasowa da shi. An nuna mana wannan a makaranta. Na faɗa a hankali, sai mutumin ya miƙo mini kwanon ya ce, "Malama, duba da kyau, ko a boko ba a koya muku gani ba?" Aka yi ta dariya. Na bar maganar a nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, bayan 'yan kwanaki ciwon ya ɗauke ɗif. Ihsan ta koma wasa, ta koma makaranta. Hajiya tana ganina ta ce, "Likita, ga mara lafiyarki can tana tsallen igiya."

Ba warkewa ba ce. A cikin kowane haƙori akwai jijiya, ita ke jin ciwo. Idan ruɓa ta ci ta kai gare ta, takan yi ta zugi, sannan ta mutu. In ta mutu ciwo ya tsaya, amma ƙwayoyin cutar ba su tsaya ba, sai su bi saiwa su gangara cikin ƙashin muƙamuƙi. Na duba bakinta jiya. Akwai ɗan ƙurji a dasashi daidai gindin haƙorin, in an danna yana fitar da mugunya. Maganar ciko ta wuce. Yanzu sai dai a cire shi, ko a yi aikin saiwa, kuma likita ne zai zaɓa, ba ni ba.

Na saya mata buroshi ƙarami da man goge baki, na koya mata safe da kuma kafin barci, na ce in ta goge na dare kada ta ƙara sa komai a baki sai ruwa. Ta iya, har tana gwada wa ƙawayenta. Da Hajiya ta ga jini a kumfar sai ta ce buroshina ne ya fasa wa yarinya baki, ta ɗauke shi ta ɗora a kan kabad. Dasashi mai ciwo dama yakan yi jini da farko, gogewar ce ke tsayar da shi. Na faɗa. Ba wanda ya juyo.

Na kai kuka wurin Baba. Ya ce dangin uwa ba sa shiga riƙo, in bar mutane da jikarsu. Wani lokaci nakan zauna in buɗe littattafaina in ce ko ni ce na yi kuskure, ko sabon karatu ne ke sa ni ganin abin da babu. Wallahi da zan so hakan. Amma duk inda na buɗe abu ɗaya nake tararwa.

Ba na neman ki ce a dawo miki da ita. Ba na neman ki yi wa kowa rashin kunya. Ki ce da Baffa Hamisu a kai ta a duba, shi ke nan. Yanzu da ba ta jin ciwo ne ya fi sauƙi, yanzu ne kuma ba wanda zai yarda in ba daga bakinki ba.

A gaishe da mutan gida.

Ƙanwarki,
Tayyiba


Kwarbai
Laraba, 17 ga Yuli

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ki gafarta mini gajartar wannan, Muntasir yana tasha yana jirana.

Ban sami amsar wasiƙata ta biyu ba. Ihsan ba ta da lafiya sosai. Tun Lahadi fuskarta ta kumbura, ga zazzaɓi. Hajiya ta ce hangum ne, kuma gaskiya ana fama da shi a islamiyyarsu, yara biyu a layinsu sun yi. An jiƙa ƙasar gidan zanzaro an shafa mata a kumatu.

Ba hangum ba ne. Hangum a gaban kunne yake kumbura. Wannan a ƙarƙashin haɓa yake, ya fara daga hagu, yau ya tsallaka dama. Na taɓa shi, tauri gare shi kamar katako. Bakinta ba ya buɗuwa fiye da shigar yatsa ɗaya. Yawu yana zuba don haɗiya tana yi mata wuya. Muryarta ta canza, kamar mai magana da abinci a baki. Mugunyar haƙorin nan ce ta sauka ƙarƙashin harshe. Idan kumburin ya ci gaba zai tura harshen baya ya toshe hanyar numfashi. Ba ƙarin gishiri nake yi ba. Wannan ciwon yana kisa, kuma ba ya ɗaukar lokaci.

Na durƙusa a gaban Hajiya na riƙe ƙafarta. Ta yi kuka, ni ma na yi. Ta ce ba a kai mai hangum asibiti, allura za su yi mata ciwon ya koma ciki, ita ba za ta kashe marainiyar Yakubu da hannunta ba. Tsoro take ji, irin wanda nake ji, sai dai nata ya fuskanci wani wajen. Baffa Hamisu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon yarinyar, na ga jikinsa ya yi sanyi. Ya ce a bari a ga yadda za ta kasance nan da kwana biyu.

Ki zo. In ba za ki iya ba, ki rubuta. In ba za ki rubuta ba, ki gaya wa Muntasir da baki, na roƙe shi ya tsaya a ƙofar gidanku har sai kin ce wani abu.

Tana sanye da hijabin nan, ta ƙi yarda a cire mata duk da zafin jiki.

Tayyiba


Kwarbai, Zariya
Lahadi, 4 ga Agusta

Zuwa ga Yayata Batulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kun isa gida lafiya, kun sami Suhail lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Ihsan, Ya sa mai ceto ce, Ya ba ki ladan haƙuri. Baba yana yi miki addu'a kullum.

Kin zo zaman makoki, kin zauna a ƙuryar ɗakin Hajiya kanki a sunkuye. Ba ki yi kuka ba, ba ki tambayi kowa yadda aka yi ba. In an yi miki gaisuwa sai ki nuna Hajiya ki ce ita za a yi wa. Mata suna fita suna yaba ki. Ni kuwa ina kallon hannunki, kin damƙe bakin tabarma har ta tsinke. Na so in same ki ke kaɗai, ɗakin bai taɓa zama babu mutane ba, har kuka tafi. Na san ba za ki tambaya ba, na kuma san kina so ki sani. Ga yadda aka yi.

Ranar Juma'a da hantsi ta kasa kwanciya, sai a zaune take iya jan numfashi, yana fita da ƙara. Baffa Hamisu bai tambayi kowa ba, ya naɗe ta a zane ya fita da ita. Hajiya ta biyo mu ba takalmi. A babban asibiti ba su ɓata lokaci ba. Suka sa mata ruwa da magani ta jijiya, suka ce za a shiga da ita tiyata a buɗe hanyar numfashi, a tsaga a fitar da mugunyar, a cire haƙorin. Likitan ya tambaye ni yaushe kumburin ya fara, na gaya masa. Ya ci gaba da rubutu.

Muna jira a shirya ɗakin tiyata sai ga Muntasir da takardarki. Rafi ne ya cika ya hana shi fitowa ranar Alhamis. Kada ki ce da ta iso da wuri da ba haka ba. Na auna wannan ta kowace fuska, ban sani ba, kuma ba zan ce miki na sani ba.

An yi aikin. Sun yi iya ƙoƙarinsu, na gani da idona. Amma cutar ta riga ta gangara ƙirji ta shiga jini. Ba ta farfaɗo sosai ba. Ranar Lahadi bayan azahar Allah Ya karɓi abarsa. Ina riƙe da ƙafarta, Hajiya tana riƙe da hannunta.

Hajiya ta daina tuƙa gullisuwa, ta kifa tukunyar a bayan ɗaki. Ba na iya jin haushinta, na gwada na kasa. Shekaranjiya na je gaishe ta, muka zauna a tsakar gida. Can sai ta kira wata 'yar maƙwabta da ke wucewa, ta riƙe haɓarta, ta ce da ni, "Tayyiba, daga ina ake fara ƙirgar?" Na nuna mata. Ta ƙirga da yatsa, ta kai na shida, ta saki yarinyar ta shige ɗaki.

Takardar tura ni aikin gwaji ta fito. Na ajiye ta. Ban san yadda zan tsaya gaban uwar wani in ce ta saurare ni ba. Baba ya ce in je, kuma zan je, amma ba ni da wani ɗoki.

A cikin ledar nan akwai buroshi da man goge baki, na Suhail ne. Ya kusa shekara shida. Ki zaunar da shi a haske ki buɗe bakinsa, ki ƙirga daga tsakiya. Idan kin ga na shida ya leƙo, ki sani ba zai sake samun wani ba. Ki goge masa da hannunki safe da dare, man kamar ƙwayar wake, ya tofar kada ya haɗiye. Kada ya kwana da zaƙi a baki. In kin ga baƙi ko rami, kada ki jira ciwo, kada kuma ki yarda da ɗaukewar ciwo. Shi ba ɗan fari ba ne, ba wanda zai ga baƙinki.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙar.

Takardarki layi ɗaya ce. Kin rubuta, "Baffa, don Allah a taimaka a kai yarinyar nan asibiti." Baffa Hamisu ya karanta ya miƙo mini, ya juya ya fuskanci bango. Ihsan tana zaune a kan gadon turawa, an jingina ta da matasai, ta ga takardar. Na ce mata daga Umman ƙauye ce. Ta yi mini alama in karanta. Na karanta, amma da na zo wurin "yarinyar nan" sai na ce "Ihsan".

Ta kama hannun rigata ta jawo ni. Maganarta ba ta fita, sai da na kai kunnena bakinta. Ta ce, "Ita ta ce Ihsan?"

Yaya, kin san ni. Tun muna yara kuke yi mini tsiya cewa ko tambayata aka yi ƙarfe nawa sai na je na duba agogo. Duk abin da na rubuta miki a wasiƙun nan na tabbatar da shi kafin in rubuta. Amma na ce mata e, ita ta ce. Bakinta ba ya iya murmushi, a idonta na gani. Daga nan suka tura ta ciki. Maganar da muka yi ta ƙarshe ke nan.

Ba na so ta zama ƙarya. Ba sai a gaban mutane ba, ba sai kin gaya mini ba. In kin idar da salla, ko kina gona ke kaɗai, ki kira sunanta sau ɗaya da bakinki. Yanzu babu sauran wanda za ki ji kunya.

Allah Ya haɗa mu da ita a gidan rahama.

Taki har kullum,
Tayyiba